Bulo Na Biyu

Wudil, ranar Lahadi.

Zuwa ga ƙanena Muhyiddeen,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kamar yadda muke nan. Yaya karatu, yaya sanyin Sikotlan? Inna na gaishe ka.

Na karanta labarin da ka aiko na tsohuwar ƙungiyar maginan can, waɗanda suka shigar da masu sarauta cikinsu, suka kuma shekara da shekaru suna rigima kan reshen da ya girmi wani. Malam, da ka tambaye ni, da ba ka biya kuɗin jirgi ba. Muna da irinta a nan.

Ka san ƙungiyar magina ta Kawu Halliru. Tun bara aka buɗe ƙofa ga waɗanda ba sa gini: masu tifa, 'yan kwangila, da irina masu sayar da siminti. Kowa ya shigo da jam'iyyarsa a aljihu. Yanzu Yahuza na reshen Utai, wanda wani mai neman kansila ke ɗaure wa gindi, ya ce kakanninsu suka fara gini a ƙasar nan, don haka shi zai aza bulon farko na sabon ofishin ƙungiya. Kawu kuwa tun muna yara babu ginin ƙungiya da wani ya fara in ba shi ba. Ya daina cin abincin kirki.

Ni ina sayar wa kowane ɓangare, saboda haka kowa nake gani da gaskiya. Amma dabarar mutanenka ta burge ni, yadda suka lallashi reshen da ya yi fushi ta hanyar ɗora shi a saman kowa. Zan gwada ta.

Naka,
Muttaka.

Wudil, bayan sati uku.

Ƙanena,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fatan murar ta sake ka.

Dabara ta ci. Yahuza ya zama shugaba, Kawu ya zama Uban Ƙungiya: ba shi da ƙuri'a, amma bulon farko nasa ne har ya koma ga Allah. Ranar Asabar, sati biyu da suka wuce, ya aza shi, manyan riguna suka yi tafi, aka ɗau hoto, aka watse.

Abin da ban lissafa ba, magina na gaske sun gaji da mu duka. Sun koma Lajawa sun kafa tasu, ba ɗan kasuwa, ba ɗan siyasa. A al'adar magina kuwa, wanda ya aza bulon farko ba ya kama wani aiki sai ɗan ƙungiya ya aza na biyu da hannunsa. Cikinmu da muka rage babu wanda ya taɓa kwaɓa siminti. Yahuza kansa ya ce bayansa na ciwo, sai an gama zaɓe.

Haka Kawu ya riƙa zuwa fili kullum da kujerarsa, yana zama gefen bulo guda, awaki na kiwo a kewayensa. Aiki biyu aka kawo masa ya mayar. Na ce ya bar lebura ya aza, ya dube ni kamar na ce ya yi salla ba alwala.

Jiya na rufe shago, na tuɓe babbar riga, na je na aza bulo na biyu da hannuna. Shekarata nawa ina sayar da siminti, ban san yana cin hannu haka ba. Bulon ya ɗan karkace. Kawu ya zagaya shi, sai ya miƙo mini cokalin gininsa in wanke. An ce aikin da ake fara ba sabon yaro ke nan.

Yau ya koma aiki, ya ci tuwo har da ƙari. Ya aiko in same shi gobe da sassafe, kuma kada in zo da agogo.

In mutanenka suna da dabarar fita daga wannan, aiko mini da ita. Ka gaida abokan karatu.

Yayanka,
Muttaka.