Saƙo Yana Isa, Hoton Ƙirji Yana Maƙalewa

Anti, don Allah ki taimake ni da shawara. Kaina ya kulle, kuma wanda na saba kai wa kuka shi ne ya jawo mini wannan.

Ni mai rubuta manhajar kwamfuta ce a wani ƙaramin asibiti. Ofishina ɗan lungu ne a bayan ɗakin ɗaukar hoto, tebur ɗaya da fanka mai ƙara, ta taga kuma ina hango bencin da marasa lafiya suke jira. Ba mu da likitan da yake karanta hoton ƙashi da na ƙirji, don haka idan an ɗauka, manhajar da na rubuta ce take tura shi babban asibiti. Tana mayar da hoton ya zama haruffa, ta cusa shi cikin saƙo tare da sunan mara lafiya da lambarsa. A can wata manhajar take karɓa, ta amsa wa tawa cewa an karɓa, sannan likitansu ya duba ya aiko mana da sakamako.

Wanda ya rubuta ta can ɗin Yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ya koya mini aikin nan a teburin cin abincinmu, a wata tsohuwar kwamfuta da sai an tokare murfinta da littafi. Ina son sa, Anti, kuma duk abin da na zama da hannunsa a ciki. Amma tun muna yara haka yake: idan Mama ta aike shi gidan Gwaggo da jaka, zai isar da gaisuwa tiryan-tiryan, jakar kuma tana nan a bakin ƙofarmu. Ni ce kullum nake bin sa da ita a guje.

Matsalar ta fara ne da aka kawo mana sabon injin hoto, wanda hotunansa manya ne. Na yatsa da na wuyan hannu suna isa lafiya. Na ƙirji kuwa, saƙon ya isa, amsa ta dawo cewa an karɓa, amma likita ya buɗe ya ga suna babu hoto. Su a can suna ɗauka mu muka manta, mu a nan muna ɗauka aiki ne ya yi musu yawa. Ana cikin haka wani direban motar haya mai fama da tari ya yi ta zarya. Yakan zauna a bencin nan da hularsa a gwiwa, idan muka haɗa ido ya gaishe ni ta taga, ni kuma in amsa ba tare da na san hotonsa ne ya ɓace tsakanina da ɗan'uwana ba. Sai da wata nas ta gaji ta kwafi hoton ta kai da hannunta. Likita ya ce da tuni ya kamata a fara ba shi magani.

Na bi diddigi na gano manhajar Yaya tana da iyakar girman abin da take ɗauka. Abin da ya wuce sai ta watsar da shi, kuma duk da haka ta ce an karɓa. Na same shi a falon Mama na faɗa masa, yana raba yaransa faɗa a kan rimot ɗin talabijin. Ya ce ya ji, a wajensu komai yana nuna ya iso, in je in duba nawa. Har ya ƙara da cewa jiya-jiya ya koya mini kunna kwamfuta.

Yanzu likitar da take shugabantar asibitinmu ta ce in rubuta ƙorafi zuwa ga shugaban sashen su Yaya. Yaya kuwa bai daɗe da samun ƙarin girma ba, idon kowa yana kansa. Mama ta ji labari ta kira ni ɗaki, ta ce kada in kuskura in tona wa ɗan'uwana asiri a gaban baƙi. Ita kanta mako mai zuwa za a ɗauki hoton gwiwarta a wajenmu, shi ma babba ne kamar na ƙirji, kuma ta hanyar nan zai bi. Ni dai na ƙudura ba zan sake kallon wani a bencin nan yana jiran abin da bai isa ba. Ta yaya zan yi, ban rasa Yayana ba, ban saɓa wa Mama ba?

Ƙanwa mai bin yayanta da jaka

AMSA

’Yata, sannu da ƙoƙari. Ni ma na ci abinci da wannan sana'a kafin ido ya gaji, don haka na fahimce ki sarai. Ƙudurinki daidai ne, kada ki sassauta.

Ki fara da mutanen benci, tun kafin maganar Yaya. Yau ɗin nan ki zauna da nas ɗin nan ku nemo duk wanda aka ɗauki hotonsa da sabon injin kuma sakamakonsa bai dawo ba. A kai hotunan da hannu, a kira masu su a waya. Wannan ba ya bukatar izinin Mama ko na kowa.

Sai kuma abin da ba za ki so ji ba: ke ma kina da kaso. Mayar da hoto haruffa yana kumbura shi da kusan kashi ɗaya cikin uku, kin sani. Da aka kawo sabon inji, ya kamata ki tambayi iyakar abin da ake ɗauka a can. Babban fayil ba a cusa shi cikin saƙo. A maƙala shi a gefe yadda yake, saƙon ya ambace shi da lamba, ya faɗi girmansa, ya ɗauki tambarin da za a gane ko ya iso cikakke. Kin kuma yarda da amsar an karɓa ba tare da kin tambayi me aka karɓa ba. Laifinsa ya fi naki nauyi, domin manhajar da za ta zubar da kaya ta ce sun iso maƙaryaciya ce, gara ta ƙi karɓa kowa ya sani. Amma idan kika shiga da naki kason a hannu, zai fi sauƙin ɗaukar nasa.

Kuskurenki na biyu shi ne wurin da kika zaɓa. A falon Mama ke ƙanwa ce, shi kuma ba zai yarda ƙanwa ta gyara masa aiki a gaban ’ya’yansa ba. Ki nemi ganin sa a ofishinsa, a lokacin aiki, kamar yadda za ki nemi kowane abokin aiki. Ki sanar da shi cewa takardar za ta tafi, ki faɗa masa ranar, domin umarnin shugabarki ne kuma haƙƙin marasa lafiya ne. Sannan ki ba shi dama ku rubuta ta tare: ga matsalar da muka gano, ga gyaran da kowane ɓangare ya yi. Shugaban kirki ba ya ƙin ma'aikacin da ya kawo matsala haɗe da maganinta. Idan ya ƙi, ki aika taki ke kaɗai, gaskiya zalla, ba zargi ba ƙari, kuma ki sa naki kason a ciki.

Mama kuwa tsoro take ji, ba mugunta ba ce. Kada ki yi mata bayanin kwamfuta. Ki ba ta labarin direban nan da hularsa, sannan ki nemi izininta a kan abu ɗaya. Ranar da aka ɗauki hoton gwiwarta, ki ba nas kwafi ta kai wa likita da hannu don kada Mama ta jira. Ke kuma ki tafi ofishin Yaya da kwamfutarki, ki zauna kusa da shi, ki tura hoton ta tsohuwar hanya yana kallo. Kada ki ce masa komai. Ki bar shi ya ga manhajarsa ta ce an karɓa, ya buɗe ya tarar da sunan mahaifiyarsa babu komai a ƙarƙashinsa.

Kin daɗe kina bin sa da jaka, ’yata, kuma kin yi zumunci. Wannan karon ki bar shi ya koma ya ɗauko ta da kansa. Allah ya ba direban nan lafiya, ya sassauta wa Mama gwiwa, ya bar ku tare ke da Yayanki.