Babur Ɗin Kawu Ya Ƙi Karɓar Giya, Gwajina Saura Kwana Goma

Assalamu alaikum Malam. Don Allah ka taimake ni, kuma ka taimake ni da wuri, domin kwanakin da suka rage mini ba su da yawa. Na daɗe ina karanta wannan fili, na ga kana amsa wa matasa tambayoyin sana'a da na rayuwa. Tawa ban san inda za ka ajiye ta ba, don ta haɗa duka biyun.

Shekarata ashirin da uku. Na gama makarantar koyon aikin lafiya shekara biyu da suka wuce, tun daga nan nake zaune a gida ina ta aika takardu. Watan jiya aka kira ni. Aikin shi ne kai maganin rigakafi ƙananan asibitocin ƙauye, a cikin akwatin sanyi, a kan babur. Mu biyar muka tsallake tambayoyin baki, mutum biyu za a ɗauka, kuma abin da zai raba mu shi ne gwajin tuƙi ranar Alhamis ta sama. Kowa zai zo da babur mai kuloci, don irinsa ake aikin da shi. Za a ɗaura maka akwati a baya, ka bi ta tsakanin tayoyin da aka jera, ka hau wani ɗan tudu, sannan ka tsaya cak a kan farin layi inji na aiki. In tayar gaba ta wuce layin, ko injin ya mutu, an gama da kai.

Babur ɗin da nake koyo da shi na kawuna ne, ƙanin mahaifiyata, wanda a hannunsa na tashi. Malamin firamare ne da ya yi ritaya. Ƙaramin babur ne mai giya huɗu, shekara goma sha ɗaya yana hawansa, ko ƙwarzane babu a jikinsa. Dattijo yake kiransa. Ɗansa na cikinsa ma bai taɓa riƙe makullin ba. Amma da ciwon gwiwa ya hana shi hawa, kuma ya ji maganar aikin nan, da kansa ya miƙo mini makulli. Abu ɗaya ya roƙe ni: duk abin da ya sami Dattijo, ya ji daga bakina kafin ya gani da idonsa. Na ce to.

Malam, na kayar da shi. Yau kwana tara ke nan. Muna filin bayan wata makaranta da ƙawata wadda take koya mini, na zo juyawa a kan yashi, na damƙe birkin gaba, sai ga ni a ƙasa ta gefen hagu. Ni ban ji ciwon kirki ba, gwiwar hannu ce kawai ta ɗan ɗaye. Amma hannun kuloci ya karye gida biyu, fedar giya kuma ta lanƙwashe ciki. Ƙawata ta samo guntun bututun ƙarfe ta zura a fedar, muka haɗu muka ɓanƙaro ta. Muka tura babur ɗin har shagon mai kayan gyara. Ya ce ba shi da irin hannun sak, amma ga wani, wai duk ɗaya ne. Ƙawata ta ɗaura. Da na ga yana ta walƙiya, na san Kawu zai gane daga nesa, sai na goge shi da yashi, na shafa masa ɗan baƙin mai har ya dushe. Ina jin kunyar rubuta wannan, amma na yi. Karyayyen yana cikin jakata har yanzu, na rasa inda zan jefar da shi.

Tun daga ranar babur ya canja hali. In na matse kuloci na taka lamba ɗaya, sai ya yi wani ƙwas mai ƙarfi ya zabura. In na tsaya ina riƙe da kuloci har jikin hannu, sai in ji yana jan jiki gaba a hankali, sai na kafa ƙafa biyu na danne birki, wani lokacin ya mutu. Firi kuwa, wato inda babur ba ya cikin kowace giya, in inji na aiki, sai in yi ta nema ina tsallake shi, daga ɗaya zuwa biyu, daga biyu zuwa ɗaya, koriyar fitilar nan ta ƙi kamawa. Abin mamaki, ina kashe inji sai ya shiga da taɓawa ɗaya. Sannan daga biyu zuwa uku, wani lokacin in ɗaga fedar in ji wayam, kamar ba ta haɗe da komai ba, sai na ɗan taɓa ta ƙasa tukuna ta karɓa. Shekaranjiya a mararrabar kasuwa ya ja ni har na kusa dukan bayan wata mota. Direban ya leƙo ya ce in kuloci ya fi ƙarfina in nemi keke.

Na kai shi wurin bakaniken Kawu, wanda shi kaɗai yake taɓa babur ɗin tun yana sabo. Likita Kawu yake kiransa. Ya hau ya zagaya, ya dawo ya murɗa notin wayar kuloci har ƙarshensa, amma babur ɗin bai daina jan jiki ba. Sau uku yana tambayata ko babur ɗin ya faɗi, sau uku ina cewa a'a. Ya daɗe yana kallon hannun kulocin nan. Daga ƙarshe ya goge hannunsa ya ce tunda bai faɗi ba, to matsalar a ciki take, sai an sauke inji, kuma neman kayan ciki zai iya cin mako biyu. Ya ce ba zai kwance noti ko ɗaya ba sai da izinin mai shi, kuma Kawu yana zuwa hira garejin duk ranar Asabar, a nan zai gaya masa.

Yanzu kullum daga kwanar layinmu nake kashe inji in turo shi gida, don kada Kawu ya ji ƙarar nan. Yana zaune a kujerarsa a ƙofar gida, ya miƙe ƙafar mai ciwo, ya tambaye ni yaya Dattijo ya yi da ni yau. In ce lafiya lau. Matarsa har tsokanata take yi wai na fi Kawu tattalin mai. Abinci ma ba ya shiga.

Malam, giyar ce ta lalace? Akwai abin da zan iya gyarawa da kaina kafin Asabar ba tare da kowa ya sani ba? Babur ɗin ƙawata ba shi da kuloci, ba za a karɓa ba, kuma ban san wani da zai ba ni aro ba. In aka sauke injin nan gwajina ya tafi. In na je da shi a haka, zai ja ni in wuce layin a gaban kowa. Shekara biyu na jira wannan aikin.

'Yar Kawu

*

Wa alaikumus salam, 'yata.

Abu na farko, kafin komai: kada ki sake hawa babur ɗin nan a titi sai an gyara shi. Babur mai jan jiki alhali an matse kuloci ba abin wasa ba ne. Motar nan da kika kusa duka, gargaɗi ce.

Na biyu, ki kwantar da hankalinki. Ban ga babur ɗin ba, amma kin kwatanta ciwonsa da kyau ƙwarai, har na yi murmushi, na ce lallai wannan ma'aikaciyar lafiya ce. A abin da kika faɗa, ban ga alamar giya ta lalace ba. Giyar da ta mutu daga ciki takan fice da kanta ana cikin tafiya, ko ta yi gurnani, kuma ba ruwanta da inji na aiki ko a kashe. Taki tana shiga firi da taɓawa ɗaya in an kashe inji. Wannan yana nuna kuloci ne ba ya saki sosai. Zaburar, da jan jikin, da ɓatan firi, duk ciwo ɗaya ne.

Me ya hana shi saki? Ina zargin hannun da aka ce miki duk ɗaya ne. Ba duk ɗaya ba ne. Ki fito da karyayyen nan daga jaka, Allah ya taimake ki da ba ki jefar ba. A kwance sabon, a ɗora su ɗaya kan ɗaya, a duba tazarar da ke tsakanin ramin kusar da hannun yake juyawa a kai da ramin da kan waya yake zama. In ta sabon ta fi gajarta ko da kaɗan ne, to komai matsawarki ba ya jan wayar yadda ya kamata, shi ya sa Likita ya murɗa noti har ƙarshe a banza. In aka sa hannun da ya dace, a bar masa ɗan wasa kamar faɗin yatsa ɗaya a bakinsa kafin ki ji ya fara jan waya.

Wayam ɗin da kike ji tsakanin biyu da uku kuma wani ciwo ne daban. Fedar giya sai ta koma tsakiya da kanta kafin ta iya ɗauko giya ta gaba. Taki akwai abin da yake riƙe ta. Ki durƙusa ki duba murfin inji daidai bayan fedar: in kin ga sabon ƙwarzane mai haske, to bututunku bai gama miƙar da ita ba, tana gogar murfin. Ki kuma lura da ƙafarki. Masu koyo da yawa, musamman bayan faɗuwa, sukan bar yatsunsu a maƙale ƙarƙashin fedar don tsoro. Ki ɗaga, ki saki gaba ɗaya, sannan ki sake ɗagawa.

Ga gwajin da zai raba gardama, kuma bai wuce minti biyar ba. A kafe babur a babban jak, inji a kashe. Wani ya riƙa juya tayar baya da hannu a hankali, ke kuma ki bi giya da hannunki, daga ɗaya har huɗu, ki dawo. In duk sun shiga, fedar kuma tana komawa da kanta, cikin inji lafiya yake, aikin na rabin yini ne.

Amma ba zan ɓoye miki ɗaya gefen ba. Fedar nan a kan wani sandan ƙarfe take da ya shige cikin inji. Faɗuwa tana iya lanƙwasa shi, ɓanƙarawa da bututu ma haka. In an cire fedar aka ga sandan ya karkace, ko mai yana tsattsafowa a gindinsa, to sai an buɗe murfin gefe an canja shi. Ko shi ɗin, a yawancin ƙananan babura, bai kai sauke inji ba, amma wannan hukuncin na wanda ya gani da ido ne, ba nawa ba.

Kin ga ke nan amsar tambayarki ta biyu a'a ce. Ba za ki gyara shi a ɓoye ba. Kuma ɓoyon ne da kansa yake shirin cinye miki gwaji. Kin je wurin mai gyara kin ɓoye masa abu ɗaya tak da yake buƙatar sani, sai ya bi abin da kika gaya masa har ya kai ga sauke inji. Ke da kika karanta aikin lafiya kin san abin da yake faruwa in majiyyaci ya ce bai sha komai ba alhali ya sha. Ban ga laifin Likita ba. Hasali ma, mutumin da ya shekara goma sha ɗaya yana taɓa babur, yashi da baƙin mai ba za su ruɗe shi ba. Ina jin ya gane. Tambaya uku da ya yi miki, da Asabar ɗin da ya ambata, ina ganin hanya ya bar miki ki riga shi magana. Wataƙila na yi kuskure, amma ko na yi, shawarar ba ta canja ba.

Na fahimci tsoronki, ban kuma raina shi ba. Kawu zai ji zafi, kuma ina jin na kwana taran zai fi na faɗuwar. Wataƙila ya yi faɗa, wataƙila ya yi shiru, wanda ya fi faɗan ciwo. Yana da haƙƙin duka biyun, ki bar shi ya yi. Amma malamin da ya ƙare rayuwarsa yana koyar da yara ya san mai koyo yana faɗuwa, kuma ya san haka ranar da ya ba ki makulli. Aikin nan yake so ki samu.

Don haka gobe da safe, kafin ki taɓa babur, ki je ki durƙusa ki gaishe shi, ki ajiye karyayyen hannun a gabansa, ki faɗi komai har da yashin. Kada ki jingina laifin ga ƙawarki ko mai shago. Daga nan ki tura babur ɗin gareji, turawa na ce ba hawa ba, ki ba Likita haƙuri, ki gaya masa ranar gwajinki. In aka yi rashin sa'a gyaran zai ja lokaci, ki je ofishin da suka kira ki tun yanzu ki tambaya ko za a bar ki ki yi da wani babur, kuma Likita da Kawu sun fi ki sanin masu babura. Amma babu wanda zai nema miki aro alhali bai san kina cikin matsala ba.

In an gyara, ki koma fili kullum, ki ɗaura jarkar ruwa a baya a madadin akwati, ki ja layi a ƙasa. Ki yi ta zuwa kina tsayawa a kansa har ƙafarki da hannunki su daina tambayar ki abin da za su yi. Hular kwano a kai, takalmi rufaffe a ƙafa.

Kwana goma sun isa, 'yata, in kika fara daga gobe. In kika jira Asabar, ba na jin za su isa. Allah ya sanyaya zuciyar Kawu, ya ba shi lafiyar gwiwa, ke kuma ya tsayar miki da tayar gaba daidai kan layi.

Malaminku