Ƙusar da Babu Riga

Ƙanena,

Assalamu alaikum. Ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka, Allah ya sa haka. Mu nan lafiya lau, sai Inna da ciwon ƙafa ya matsa mata, amma bakin nan nata yana nan daram.

Maganar yayanka Guguwa ce ta sa na ɗauki biro. Wata biyu ke nan ka ƙi ɗaga wayarsa, don kulob ɗin ƙwallon da yake shugabanta ya sallami ɗanka. Haba, ɗan'uwa! Ka manta ku biyun nan a tsakar gida, kana tsaron raga tsakanin silifas biyu, yana ɗirka maka ƙwallo har ya fasa gilashin tagar Inna, kai ka sha dukan? Kai ka sayar da kekenka ka saya masa takalmin ƙwallo na farko. Shekara goma sha biyu yana sanye da lamba tara, fili na amsa sunansa, kai kuwa kana manne da rediyo, ko tari ba ka bari mu yi. Wallahi ina kewar zamanin nan.

Ga abin da ba ka sani ba. A ɗakin sauya kayansu kowane ɗan wasa yana da ƙusarsa. Ba a gaya wa mutum an sallame shi, shigowa kawai zai yi ya tarar ba a rataya masa riga ba. Haka aka yi wa Guguwa da gwiwarsa ta lalace. Ya ce min ya tsaya gaban ƙusar, abokansa kowa ya sunkuya yana ɗaure takalmi kamar bai gan shi ba. Kunya ta hana shi gaya maka.

Da koci ya ce ɗanka bai kai ba, Guguwa ya kalli wasanninsa, ya ga gaskiya ne. Sai ya hana a taɓa ƙusar yaron. Da kansa ya kira shi ofis, ya rufe ƙofa, ya faɗa masa ido da ido, ya miƙa masa rigarsa a ninke. Wannan kake kira cin fuska? Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Shekaranjiya na je ofishin. Ga takardu, ga furfura, ga tumbi, Guguwa ta koma iskar fanka! Ya jawo durowa, sai ga takalmin nan da ka saya masa, duk ya tsattsage. Ashe duk shekarun nan yana ajiye da shi.

Inna tana gaishe ka, da Goggo, da maigidana. Ka gaishe min da matarka da 'yar autarku. Guguwa bai ce in gaishe ka ba, wai yana tsoron ka ƙi amsawa. Cewa ya yi in gaya maka, a wurinsa rigarka tana nan kan ƙusarta.

Ka ɗaga wayar, don Allah.

Taka har kullum,
Yayarka