Mai sunana ya fara tafiya

Daren Laraba, lokacin tattasai

Yau ma wayoyin nan ba su bar ni na ci abinci da zafinsa ba. Mota ɗaya ta kafe a yashi a hanyar Miga, ɗaya tana Birniwa tana jiran lodin riɗi, masu tattasai kuma sun sa ni gaba sai na ba su mota zuwa kudu. Ni na jawo wa kaina. Sanda nake da guda ɗaya ina tuƙa abata, duk inda raina ya so nake tsayawa. Na yi ta ƙari har suka kai biyar, ni kuwa na koma mai gadin waya a rumfa.

Da la'asar Bukar direba ya dawo daga Malam Madori, inda ya biya ya sauke wa 'yata Falmata shinkafar da na aika. Yana miƙo min makulli yana dariya: "Alhaji, mai sunanka fa ya fara tafiya! Har ƙofar gida ya tako, ya kama min wando."

Na ce masha Allah, waya ta yi ƙara, na ɗauka.

Sai yanzu abin ya tsaya min a rai. Rabona da jikan nan nawa tun ranar suna. Falmata ba ta taɓa ƙorafi ba, iyaka ta ce, "Baba, in ka samu sarari." Bukar ya san nauyinsa a hannu, ni ban sani ba.

Motoci biyar gare ni, amma babu wadda za ta kai ni Malam Madori.