Gidan Sauron da Ke Cikin Akwati

Yaya,

Ina gaishe ka da kyau. Ya jikin autarmu? Ya ƙafar Inna? Ni lafiya lau nake. Tsayuwar wurin aikin gugar kaya ce dai ke ɗan kumbura min ƙafafu, amma da na jiƙa su a ruwan ɗumi suke saɓewa. Kada ka gaya wa Inna.

Yaya, raina a ɓace yake. Sai a bakin matarka na ji cewa Auta ta kwana uku a asibiti, zazzaɓin cizon sauro, har da ƙarin ruwa. Na tambaye ta ina gidan sauro huɗun da na aiko. Wai suna cikin akwatin Inna, ko ledar ba a yage ba. Wai Inna ta ce kayan ƙasar waje ne, sai an yi baƙi! Haba Yaya! Wane baƙo ne ya fi Auta?

Kai kuma da ka yi makaranta, kana kallo. Tayoyin nan na bayan ɗaki da kake cewa za ka sayar tun kafin in taho, ruwan sama na kwance a ciki, nan sauro ke ƙyanƙyasa. Don Allah ka kwashe su, ka rufe durom, ka yashe kwatar ƙofar gida.

Allah ya ba Auta lafiya, ya ƙara maka haƙuri da bakina.

Ka lallaɓa Inna ka karɓi makullin akwatin yau. In ta ƙi, ka ce mata ni ce baƙuwar, na iso, kuma gadon Auta na zaɓa.

Ƙanwarka.