Sunan Yaya Bala ya fita daga jeri

Laraba da dare, Masaka

Yau na goge sunan Yaya Bala da hannuna.

Cunkoso ya riƙe mu a hanyar dawowa daga Kado, sai na ciro 'yar na'urar gem ɗin da ya bari na kunna finbol, tsohon wasan nan da ake tare ƙwallon ƙarfe da 'yan sanduna biyu kada ya faɗa rami. Suna biyar kawai na'urar ke riƙewa a jerin gwanaye. Da duk biyar ɗin nasa ne. Tun rasuwarsa nake ta tura su ƙasa, har ya rage guda ɗaya a can ƙarshe.

Hannuna ya yi sa'a yau. Na kusa da ni a mota sai zuga ni yake, "Oga, ka iya fa, kar ka bari ya faɗi." Ni kuwa na biye masa. Sai da na'urar ta nemi in rubuta sunana na gane na ture nasa na ƙarshe. Na yi maza na kashe ta.

Bayan isha'i na kunna. Babu BALA. Da yake ban rubuta suna ba, ta cika gurbin da kanta da haruffan AAA.

Inna ta leƙo ta ce, "Abin Bala ne? Har yanzu yana aiki?"

Na ce, "Yana aiki, Inna."