An Kulle Mana Intanet Tare Da Buhunan Gero

Zuwa ga Sakataren Ilimi na ƙaramar hukumarmu,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa ta girmamawa, ni malamin kwamfuta ne a sakandaren ƙauyenmu, kuma wallahi na rasa inda zan sa kaina.

Na farko, bara da bazara ofishinka ya aiko aka kafa mana na'urar intanet mara waya. Masu aikin suka ce a sa ta a ɗaki mai tsaro, sai aka zaɓi sito, don shi kaɗai ke da ƙofar ƙarfe. Mun more ta sosai, har malaman firamare kan tako su zauna gindin tagar da wayoyinsu.

Na biyu, da kaka ta yi aka jibge geron gonar makaranta a siton nan. Shugaban ƙungiyar iyaye, wani Alhaji, ya kashe na'urar, wai kada wuta ta tashi ta cinye amfani. Ya sa maganin ƙwari a buhuna, ya toshe taga, ya garƙame ƙofa da kwaɗo biyu. Ka san halin mutanenmu, hatsin ajiya ba a waiwayarsa sai ya yi daraja a kasuwar Dawanau.

Na uku, nan da 'yan makonni ɗalibaina na aji shida za su zauna jarrabawar shiga jami'a, wadda a kwamfuta ake yin ta. Tambayoyin gwaji suna intanet, kwamfutocin ma suna cikin siton. Da alli nake zana musu inda za su danna. Abin yana ci mini rai ƙwarai.

Shugaban makaranta ya zame, ya ce ni zan yi wa Alhaji magana. To Alhajin nan surukina ne, mahaifin matata, ko sunansa ba na iya kamawa. Sau uku ina zuwa zaurensa, in durƙusa in gaishe shi, in tambayi gona da iyali, in taso ban taɓo maganar siton ba.

Don Allah, ranka ya daɗe, ka aiko takarda mai hatimi a buɗe siton, a mai da na'urar aji. Na san kafin Juma'a wani zai karanta wa Alhaji wasiƙar nan, kuma ban san da wane ido zan sake kallonsa ba. Na haƙura da wannan, in dai yaran nan za su taɓa kwamfuta kafin ranar jarrabawa.

Allah ya yi maka jagora, ya sa ka gama lafiya.

Wassalam.